Yadda Mai Bidiyo Ya Haɗiye Mana Muryar Baba



Kwanakin baya wani maƙwabcina a nan Suleja, mutumin Gusau, ya tare ni a ƙofar gida yana tambayata ko na san wani mai ɗaukar bidiyon biki mai sauƙin kuɗi, domin zai aurar da 'yarsa. Ya ce shi dai ba don matan gida sun matsa masa lamba ba, da ko sisinsa ba zai shiga wannan almubazzaranci ba. Na ce da shi, "Malam, jawo benci ka zauna, wannan magana ba ta tsaye ba ce." Abin da na gaya masa a daren nan shi ne zan maimaita a nan, domin na san ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba. Ni ma da irinsa na fara, kuma na ji a jikina.

Aikin gwamnati ne ya kawo ni a 1993, lokacin ba a daɗe da dawo da fadar gwamnati daga Legas zuwa Abuja ba, domin a Disamban 1991 aka yi ƙaurar. Kuɗin haya a cikin birni ya fi ƙarfin irina, sai na bi sahun dubban mutane, mu kwana Suleja mu wuni Abuja, kullum safe da yamma muna gaisawa da Dutsen Zuma ta tagar mota. Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Malumfashi. Wani lokaci in 'yan gari suka kira mu baƙi nakan yi dariya a zuci, domin garin kansa waɗanda suka baro gida ne suka kafa shi. Sarautar Zazzau ta Haɓe ce ta yo kudu a zamanin jihadi, Abu Ja ya kafa garin a 1828 aka kira shi Abuja, sai bayan da aka tsai da shawarar gina sabon babban birni a 1976 aka ɗauki sunan aka kai can, nan kuma ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Wato dai duk 'yan cirani ne, wani ya riga wani sauka. To, amma wannan hira ce ta wata rana.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, bikin mazaunin nesa ba ɗaya yake da bikin mutumin da ke garinsu ba. Wanda yake Kano ko Katsina in ya yi biki, kakarsa tana ɗakin baya, gwaggonsa tana lungu na biyu, duk wanda ya isa ya gani ya gani da idonsa. Mu kuwa in mun yi sa'a motar haya guda ce za ta taso daga gida, ta bi ta Funtuwa, ta Zariya, ta Kaduna, ta iso da mutum goma sha huɗu a gajiye. Ragowar dangi, masu ciwon ƙafa da masu jego da waɗanda ba a samo musu kuɗin mota ba, sai dai labari. Saboda haka bidiyon nan da maƙwabcina ke kira almubazzaranci, a wurinmu wasiƙa ce. Shi ne abin da muke aikawa gida mu ce ga yadda aka yi, ga mutanen da muke zaune da su, ga gidan da aka kai 'yarku, ba a wulakanta ta ba.

A 2003 na aurar da ƙanwata, 'yar ƙanin mahaifinmu, wadda ta taso a hannuna bayan rasuwar mahaifinta. Baba ne waliyyi, don haka ya daure ya shigo mota ya zo, zuwansa Suleja na farko kuma na ƙarshe. Inna ba ta zo ba saboda gwiwa. Na yi mata alkawari cewa zan kawo mata bikin har ɗaki.

Yadda na zaɓi mai bidiyo kuwa, yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Tambaya biyu kacal na yi masa: nawa ne, kuma kai mutumin ina ne? Da ya ce shi ɗan wajenmu ne, har ya ambaci sunan kasuwar da ke kusa da ƙauyenmu, shi ke nan na saki jiki, na ce naka sai naka. Na manta da ƙarashen karin maganar. Na tsaya na yi ta ciniki kamar mai sayen tumatir har sai da na rage kusan kashi ɗaya cikin uku, na tafi ina jin na ci riba. Ban nemi ganin aikinsa ko guda ba, ban gaya masa wane ne wane ba, shi ma bai tambaya ba.

Ran biki ya zo da ƙatuwar kyamarar Panasonic, irin wadda ake saɓawa a kafaɗa ana zura mata kaset ɗin bidiyo sukutum, mai cin awa uku. Yaronsa na biye da shi da wata fitila mai zafi da doguwar waya, duk wanda aka haska sai ya runtse ido. Gaskiya ya yi kai-komo, ya yi gumi, ba zan ci haƙƙinsa ba. Bayan mako biyu ya kawo kaset a cikin kwali. Ban kalla ba. Na ce sai a gaban Inna za a buɗe shi.

Na je gida. Aka aro janareta da talabijin da na'urar bidiyo, aka ɗora a kan tebur a tsakar gida bayan sallar isha'i, matan unguwa da yara suka cika gidan har kan katanga. Aka kunna. Farko dai furanni suka yi ta juyawa, sai hoton Dutsen Zuma, sai fuskar amarya ta fito daga cikin fure ta koma, yara suka yi ta sowa. Sai motocin manyan ofishinmu, ɗaya bayan ɗaya, har da lambobinsu, kusan minti goma. Can sai ga wurin ɗaurin aure. Ga Baba a kan tabarma da farar babbar rigarsa, ga wakilin ango a gabansa, ga liman. Baba ya gyara zama ya buɗe baki, sai kawai muka ji kiɗan fiyano da waƙar wani fim ɗin Hausa da ake yayi a lokacin. Bakinsa na motsi, mace na rera waƙar soyayya. Neman auren, da bayarwar, da ambaton sadaki, da addu'ar liman, da shelar sanƙira, duk an shafe an ɗora waƙa a kai.

Inna ta matso da fuskarta kusa da talabijin ta ce, "Me Malam yake cewa?" Baba yana zaune a gefe a kan buzunsa, ya yi dariya ya ce ashe a Suleja da muryar mata ya yi magana. Kowa ya kwashe da dariya, har da ni. A daren nan abin bai wuce abin dariya ba.

Baba ya rasu a 2005. Bayan an yi sadakar arba'in na dawo Suleja, sai wata rana da dare abin ya faɗo mini: ba mu da muryarsa a ko'ina. Wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, amma shi bai taɓa riƙe ta ba, balle a ce an naɗi wani abu. Hotonsa biyu ne a duniya, ɗaya ma na fasfo ne. Wuri guda da aka taɓa kafa masa na'ura yana magana shi ne ɗaurin auren nan. Washegari da sassafe na nufi shagon mai bidiyo na ce ina son kaset ɗin asali, wanda ya fito daga cikin kyamara kafin a tace. Ya dube ni kamar na zare, ya ce, "Haba Yallaɓai, kaset ɗin da ya shekara biyu? Ai a satin nan na ɗora wani suna a kansa." A nan na fahimci yadda aikin yake. Na'ura biyu suke haɗawa, su kwafa daga kaset ɗin asali zuwa sabo, suna yanke abin da ba su so, sannan su ɗora kiɗa a kan layin sauti, wanda ke goge abin da ke wurin. In sun miƙa maka naka, sai su mai da na asalin cikin kyamara don biki na gaba, tunda kaset kuɗi ne. Kuɗin sabon kaset guda bai kai rabin abin da na tsaya ina ja da shi a wurin ciniki ba.

Na daɗe ina jin haushin yaron nan, amma da shekaru suka ja na gane laifin rabawa za mu yi. Shi a ganinsa ya yi mini gwaninta. Ɗaurin aure a wurinsa tsofaffi ne zaune suna gunaguni, motoci da kiɗa su ne biki, kuma haka mafi yawan masu ba shi aiki suke so. Ni ne na san abin da nake aikawa gida, kuma ban faɗa ba. Shi kansa kaset ɗin da ya ba ni bai tsira ba, domin damshin daminar Suleja ba irin na Katsina ba ne, funfuna ta kama shi a cikin akwati. Da ƙyar aka goge aka juye mini a faifan DVD, hoton ya dushe yana rawa. Da na yi sakaci da yanzu ko na'urar kunna shi sai an sha wuya, tunda kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera na'urar, ya daina a 2016.

To, a ƙarshen 2024 aka sa ranar 'yar farina. Mai karatu ya san al'adarmu, uba ba ya rawar ƙafa a bikin 'yar fari, ko sunanta ba ma kamawa. Yayana ne waliyyi, ƙannena da uwargida suka riƙe sauran hidima, ni nawa in ba da kuɗi in kau da kai. Amma da aka zo maganar mai bidiyo na ajiye kunya a gefe na ce wannan ni zan nema da ƙafata. Dalili ya ma ƙaru a kan na da. Tun harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris ɗin 2022, da satar mutanen da aka sha yi a hanyar mota, tsofaffinmu suka tsorata da tafiyar. Cire tallafin man fetur a 2023 kuma ya ninka kuɗin mota. Motar da a da take zuwa cike, wannan karon mutum shida ne suka ce za su iya. Inna kuwa tana nan da ranta, amma idon ya tafi, sai dai kunne.

Mutum uku na gani. Na farko yaro ne ɗan gayu, shagonsa har da na'urar sanyaya ɗaki. Ya nuna mini gajerun bidiyoyinsa na Instagram, kowanne bai wuce minti guda ba, amarya na juyi a hankali, hayaƙi na tashi, ga ɗan jirgin nan marar matuƙi yana ɗauko gidan biki daga sama. Wallahi aikin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Na ce to, nuna mini biki guda daga farko har ƙarshe. Ya yi ta lalube a kwamfuta, daga baya ya ce ai yanzu ba a yayin dogon bidiyo, ba mai kallo. Na tambaye shi takardar izinin tashin jirgin, tunda tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa ta sanar cewa ba a tayar da su sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, mu kuma ga mu a bakin Abuja. Ya sosa ƙeya. Ko da ma yana da izinin, me Inna za ta yi da rufin kwanon unguwarmu?

Na biyu ɗan wajenmu ne, kuma ya fi kowa araha, har zuciyata ta fara raya mini irin ta 2003. Don ya burge ni sai ya zaro wayarsa ya shiga nuna mini wuraren kamu da sa lalle da ya ɗauka, matan mutane ba mayafi suna rawa a tsakar gidajensu, yana cewa wannan matar wane ce, wannan ƙanwar wane ce. Biyu daga cikin mazajen na san su, muna haɗuwa a masallaci. Na miƙa masa wayarsa na yi sallama. Wanda ya nuna mini matan wasu yau, gobe nawa zai nuna wa wani.

Na ukun wani abokin aikina ne ya haɗa mu. Bagwari ne haifaffen Suleja, Hausa a bakinsa kamar ta Bazazzage, shagonsa ɗan ƙarami. Da na nemi cikakken biki sai ya ce in ba shi kwana guda ya nemi izinin masu shi. Wannan kaɗai ya sa na gyara tsayuwa. Washegari ya kunna mini ɗaurin auren wani gida, na ce ya ƙaro sauti, na rufe idona. Wannan ita ce jarrabawar da na zo da ita daga gida, kuma ita nake ba duk mai nema shawara: ka rufe ido ka saurara. Na ji an nemi aure, na ji an bayar, na ji adadin sadaki da cewa lakadan ne ba ajalan ba, na ji amin ɗin jama'a, har tarin wani tsoho na ji. Na tambaye shi yaya yake yi a cikin hayaniya. Ya nuna mini wani ɗan makirfo kamar ƙwayar dabino da yake maƙala wa waliyyi a wuyan riga, da wata 'yar na'urar naɗar sauti da yake ajiyewa a kan tabarma gaban liman. Ya ce makirfon jikin kyamara iska da surutun 'yan baya kawai yake kwasowa.

Sai kuma ya yi mini tambayar da ba wanda ya taɓa yi mini. Ya ce, "Baba, su wane ne tsofaffin da za su zo daga gida? A haɗa ni da yaro guda wanda ya san dangi, ya riƙa nuna mini su." A nan ciniki ya faɗa, tun kafin a yi maganar kuɗi. Ya ƙara da cewa ƙanwarsa ce ke ɗaukar ɓangaren mata, shi ba ya shiga cikin gida sai an yi masa iso.

Kuɗinsa ya kusa ninka na ɗan wajenmu, kuma wannan karon ban ja ba. Amma na sa mun rubuta takarda, shaidu biyu suka sa hannu. Ba kiɗa ko kaɗan a kan ɗaurin aure da nasihar iyaye. Duk abin da kyamara ta ɗauka, ɗanyensa kafin a tace, za a juye mini a rumbun ajiya na kwamfuta da na saya da kuɗina, sannan ya goge nasa bayan na tabbatar nawa na buɗewa. Ba zai sa ko daƙiƙa guda a intanet don talla ba. Zai zo da batura da katin memori na ko-ta-kwana, domin wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Rabin kuɗi kafin alƙalami, rabi ran da ya kawo aiki. Wani ɗan abokina lauya ya gaya mini cewa dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ma ta ba wanda ya sa aka ɗaukar masa hoto ko bidiyo don amfanin gidansa ikon hana a yaɗa shi ga jama'a, sai in sun yi wata yarjejeniya daban. Na ji daɗin sanin haka, amma abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane kotu ba ta dawo da shi, shi ya sa na fi dogara da halin mutumin a kan takardar.

Shi ne ma ya ja kunnenmu a kan liƙi. Dokar Babban Banki ta 2007 ta hana watsa naira da tattaka ta a wurin biki, hukuncin ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Shekaru ba wanda ya damu, sai a Afrilun 2024 wata kotu a Legas ta ɗaure wani sanannen ɗan soshiyal midiya wata shida, kuma bidiyon taro ne ya kai shi. Uwargida ta yi ƙorafi cewa biki ba liƙi ai zaman makoki ne, daga ƙarshe dai aka ajiye faranti kowa ya zuba nasa a ciki.

Kada in sa mai karatu ya ɗauka na samo waliyyi. Ya yi alkawarin mako uku, sai da ya yi biyar, na yi ta sintiri a shagonsa. Da ya kawo kuma ya haskake fatar yarinyar har ta koma kamar Balarabiya, wai haka amare ke so. Na ce ya mayar mini da 'yata kalar da Allah Ya yi ta, kada dangi su ce mun sa ta shafe-shafe. Fitar amarya daga gida ma bai samu da kyau ba, magariba ta yi, hoton ya yi duhu. Amma ga abin da ya yi da ban sa shi ba: bayan an watse daga ɗaurin aure ya zaunar da tsofaffin nan shida ɗaya bayan ɗaya a gindin mangwaro, ya ce kowa ya faɗi sunansa da dangantakarsa da amarya, ya yi mata addu'a. Wani kawunmu da aka ba minti biyu ya ci ashirin, ya jero kakanni har zuwa wanda ya fara saran dajin ƙauyenmu. Sunaye uku a ciki ni kaina ban taɓa jin su ba.

Ban tura ta WhatsApp ba, domin yana matse bidiyo ya rage masa kyau. Na kwafa gida uku, ɗaya a wurina, ɗaya a ɗakin amarya, ɗaya na sa a aljihu na hau mota. Wannan karon ba a aro janareta ba, kwamfutar wani ɗan ƙanena muka ɗora a kan tabarma a ɗakin Inna, muka haɗa da 'yar lasifika. Na wuce furanni na kai kai tsaye wurin ɗaurin aure. Yaya ya yi gyaran murya ya fara magana. Inna tana jingine da bango, sai ta ɗago kai ta juyo da kunnenta na dama. Da ya kai ƙarshe ta ce a mayar baya. Aka mayar. Sau uku ana yi. Ni ban taɓa lura ba sai a ranar, ashe da tsufa ya kama Yaya muryarsa ta koma ta Baba sak, har yadda yake jan numfashi kafin ya ce ya bayar.

Ba ta ce komai a kan wannan ba, mu ma ba mu ce ba. Ta goge fuska da gefen mayafi, sannan ta ce, "Kai, sadakin nan nawa na ji ya ce? Ai kun yi musu araha."